Kazar da Ba Ta San Hanyar Akurki Ba

Ranar da na kawo su gida, su shida, na ɗauka tunda na zuba musu dusa da ruwa aiki ya ƙare. Tsofaffin kajin ƙwai ne, irin jajayen nan na gidan gona da ake fitarwa kasuwa da araha idan ƙwansu ya ja baya. Niyyata in yanka biyu, in bar huɗu su ɗan ƙara mana ƙwan karin kumallo. Da magariba ta kawo jiki, kajin gida suka kama hanya ɗaya bayan ɗaya suka shige akurki kamar kullum, zabin maƙwabcinmu suka haye darbejiya suna ta surutunsu. Baƙin nan kuwa ko gezau. Ina dawowa daga masallaci na tarar da su cirko-cirko a tsakar gida, kowace a inda duhu ya same ta. Ɗaya ta cusa kai tsakanin turmi da bango. Biyu sun lafe a bakin rariya. Da muzuru ya biyo ta gidan a daren nan, da ya yi Sallah tun kafin a ga wata.

Ba wauta ba ce ke damunsu. Kazar da ta yi shekara ɗaya da rabi a keji ba ta taɓa tashi ta tafi wani wuri don ta kwanta ba. Inda take tsaye nan take ci, nan take yin ƙwai, nan kuma take kwana idan an kashe fitila. Ba ta taɓa ganin uwa ta ja 'ya'ya zuwa makwanci ba, ba ta taɓa taka reshe ba. Don haka wanda ya sayo ta ya sake ta a gida, sai ya koya mata kwana kamar yadda ake koya wa yaro hanyar makaranta, kuma da hannu ake koyarwar, ba da kora ba.

A Ingila wannan abu har suna gare shi, ceton kaji suke ce masa. Wata mata mai suna Jane Howorth ta kafa ƙungiyar British Hen Welfare Trust a yankin Devon a 2005, aikinta shi ne karɓar kajin da gidajen gona suka gama da su, galibi suna da mako 72 a duniya, ta raba wa masu son kiwonsu a bayan gida maimakon a wuce da su mayanka. A 2024 suka cika kaza miliyan ɗaya, kuma Sarki Charles ne ya karɓi ta cikon miliyan ɗin ya kai ta gidansa na Highgrove. Tarayyar Turai ta haramta tsohon kejin nan marar komai a ciki tun daga farkon 2012. A wancan keji rabon kowace kaza murabba'in santimita 550 ne, bai kai faɗin farar takardar A4 ba. Kejin da doka ta yarda da shi yanzu yana ba ta murabba'in santimita 750, da wurin yin ƙwai, da sandar tsayawa mai tsawon santimita 15 ga kowace kaza. A nan wajenmu ba ma ce masa ceto, ciniki ne kawai, amma kazar ita ce dai, ISA Brown ce ko Lohmann Brown ko wata 'yar'uwarsu, kuma kejin da ke yawancin gidajen gonarmu irin na dā ne, waya sama waya ƙasa. Abin da masu kiwon can suka koya game da kwanan waɗannan kaji yana yi mana amfani, sai dai a gyara shi ya dace da zafinmu da hunturunmu.

Yadda kaza mai lafiya take kwana

Kafin a gyara abu sai an san yadda yake idan yana daidai. Kakannin kajin duniya duka tsuntsayen daji ne na kudu maso gabashin Asiya, kuma a kan bishiya suke kwana har gobe. Kaza ba ta gani sosai a duhu, idan dare ya yi ba ta iya gudu ba ta iya faɗa, shi ya sa ake kama ta cikin sauƙi. Kariyarta ɗaya ce, ta hau sama tun da sauran haske. Wannan ne dalilin da kajin gida ke fara shawagi a bakin akurki tun rana ba ta gama faɗuwa ba, kuma shi ne dalilin da suke rigima a kan wa zai hau inda ya fi tudu. Wani masani ɗan Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, shi ya fara rubuta bayanin yadda kaji ke jera kansu daga babba zuwa ƙarama ta hanyar saran baki, shekara ɗari ke nan da 'yan kai. Duk matar da ta taɓa kiwon kaji ta riga shi sani, amma dai shi ya rubuta. Da daddare wannan tsari yana fitowa fili: uwar garke ta ɗauki wuri mafi tsayi, 'yar autar garke ta samu abin da ya rage.

Idan ta samu wuri, sai ta durƙusa ta saukar da ƙirjinta a kan sandar, gashin cikinta ya rufe yatsunta, ta janye wuya, wani lokaci ta juya ta cusa baki cikin gashin bayanta. Idan ka lura za ka ga fatar idonta ta ƙasa ce ke hawowa ta rufe idon, ba ta sama ce ke sauka ba kamar tamu. Akwai kuma abin mamaki: tsuntsu yana iya barci da rabin ƙwaƙwalwa, ido ɗaya a rufe ɗaya a buɗe. A 1999 Niels Rattenborg da abokan aikinsa a wata jami'ar jihar Indiana ta Amurka suka jera agwagi a layi, suka ga na bakin layi sun fi barin ido ɗaya a buɗe, kuma idon da ke kallon waje suke bari. Kaji ma suna irin wannan barci. Idan ka haska tocila ka ga ta gefe tana kallonka da ido ɗaya, gadi take yi.

Abu biyu kuma da mai kiwo zai riƙe: kaza ba ta ci ba ta sha a duhu, amma tana kashi, kuma kaso mai yawa na kashin yini a daren take yin sa. Duk inda ta kwana, nan zai taru.

Kwana uku na farko

Kada ka sake su ranar da ka kawo su. Sa su kai tsaye cikin akurkin da kake so ya zama gidansu, da abinci da ruwa, ka bar su a ciki kwana biyu ko uku, muddin akurkin yana da iska da haske kuma ba tanda ba ne da rana. Inda kaza ta farka sau uku a jere, shi take ɗauka gida. Ni ban yi haka ba, shi ya sa na sha wahalar da ba ta zama dole ba.

Kada kuma ka haɗa su da kajin gida. Ware su aƙalla mako biyu, na farko saboda cuta, musamman da hunturu lokacin da cutar Nukasil ke share garke a unguwa guda, na biyu saboda duka. Kazar keji ta fito da wuya a tsige, baya a tsige, zankonta fari fat ya langaɓe gefe, farce ya yi zaƙo-zaƙo don bai taɓa tonon ƙasa ba. Kajin gida suna ganin jan fata za su hau sara, in kuwa jini ya fito ba sa bari. Zakara ma a nisanta shi da su sai gashin baya ya fito, don hawansa kaɗai yana iya yage fatar. Zancen rigakafi kuwa a tuntuɓi malamin dabbobi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin maganin rigakafin Nukasil, har da irin wanda ke jure zafi don kajin karkara.

Ranar da za ka fara sakinsu, ka bari sai bayan la'asar, saura kamar awa ɗaya ko biyu rana ta faɗi. Ba za su yi nisa ba. Idan magariba ta matso, watsa 'yar tsaba a bakin ƙofar akurki, wata a ciki, ka kunna ƙaramar fitila, ko ta sola ko tocila, ka rataye a ciki. Kaza tana bin haske, kuma ga idonta cikin akurki rami ne baƙi ƙirin alhali waje da sauran haske, ba za ta shiga ba. Da zarar sun shige sun natsu, kashe fitilar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don kaji suna buƙatar duhu na gaske kafin su yi barci mai nauyi, kuma fitilar da aka bari har asuba tana sa su tsigar juna.

Waɗanda suka ƙi shiga, kada ka bi su da gudu. Ka jira duhu ya ɗan yi, za su lafe da kansu, sai ka ɗauke su ɗaya-ɗaya. A nan nake so a saurare ni da kyau, don yadda muka saba ɗaukar kaza a kasuwa, a kama ƙafafu a juya ta kai ƙasa ko a cafke fikafikai a baya, yana iya karya wannan kazar. Ta yi ƙwai wajen 300 a shekara, kowane ɓawo ya ci kusan giram 2 na sinadarin kalsiyam, kuma idan na abinci bai isa ba daga ƙashinta jiki ke ɗiba. Ga shi ba ta motsa jiki ba tsawon rayuwarta. Ƙashinta ya zama kamar busasshen kara. Ɗora tafukan hannu biyu a kan fikafikanta ka manne su da jikinta, ka ɗago, sannan ka zura hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirjinta, ka rungume ta a gefenka. Idan ka kai ta, ajiye ta a hankali, kada ka jefa.

Nawa sun ɗauki dare biyar kafin huɗu su gane. Ta biyar ta bi sahu a mako na biyu. Ta shida, wadda yara suka sa wa suna Hajiya saboda ba ta gaggawa, sai da na yi kusan wata ina ɗaukarta. Kullum a gindin turmin nan nake samunta, ta zauna tana jira, har na fara zargin ta mai da ni direbanta. (Biyun da na ce zan yanka kuwa, yara suka hana. An ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, amma wanda ya faɗi haka bai yi shawara da 'yata ba.)

Sandar kwana

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ji an ce kaji a sama suke kwana, sai ya kafa sanda a tsayin ƙugunsa, ya riƙa ɗora tsofaffin kajin keji a kai kowane dare. Ba hawan ne matsala ba, saukowar ce. Da asuba za ta diro da nauyinta duka a kan ƙafafun da ba su da ƙarfi, ko ta faɗo da ƙirji. Karayar ƙashin ƙirji na daga cikin raunukan da suka fi yawa a kajin ƙwai, kuma ba ta nunawa, kazar za ta ci gaba da yawo da ciwonta. Dirowa a kan daɓe mai tauri kuma na kawo kumburin tafin ƙafa, wanda ke farawa da ɗan baƙin tabo ya ƙare da ƙurji mai mugunya.

Makon farko da na biyu, ƙyale su su kwana a ƙasa. Shimfiɗa musu dusar katako ko ɓuntun shinkafa mai kauri, busasshe, ka riƙa kwashe kashin kowace safiya. Bayan haka sai ka kawo sanda, amma ƙasa-ƙasa, taƙi ɗaya daga ƙasa, wato santimita 15 zuwa 20. Bulo biyu da katako a kai ya wadatar. Za ka ga da rana suna hawa suna sauka, suna tangaɗi kamar mai koyon keke, kuma wannan wasan shi ke gina musu ƙafa. Idan ka ga yawancinsu sun koma kwana a kai da kansu, ɗaga ta zuwa santimita 40 ko 50, kamu ɗaya ke nan. Bai kamata ta wuce haka ba ga irin waɗannan kaji, sai dai in za ka sa musu matakala.

Katakon nan da kafintoci ke kira tu-bai-tu, mai faɗin santimita 5, shi ya fi dacewa, a kankare kaifin gefensa, a tabbata ba tsage ba ƙusa. Reshe mai kaurin damtsen yaro shi ma ya yi. Kada a sa bututun ƙarfe ko na roba ko sandar tsintsiya. Santsi gare su, sun yi siriri, ƙarfe kuma ya ɗau zafi da bazara ya ɗau sanyi da hunturu. Kaza ba kanari ba ce da za ta kwana a maƙale, zama take yi, tana son inda tafinta zai baje ƙirjinta ya samu madogara. Kowace kaza a ba ta santimita 25 zuwa 30 na tsawon sanda, a ja sandar daga bango kamar santimita 30 don jela ta samu wuri. Idan sanda biyu ce, ni na fi son a sa su tsayi ɗaya, da tazarar da ta kai santimita 35 ko fiye. Idan ɗaya ta fi ɗaya tsayi, kowace za ta so ta sama, rigima ta tashi kowace magariba, kuma in ba a yi tazara ba na sama su yi wa na ƙasa kashi a ka.

Wata kazar ba za ta taɓa hawa ba har ta mutu. Hajiya ba ta hau ba. Idan ƙasan a bushe yake, kuma ba a ƙarƙashin sandar take kwana ba, ka rabu da ita. Ba jarrabawa ba ce da za a ce ta faɗi.

Masu kwana a akwatin ƙwai

Kazar keji tana son lungu, tana son ta ji jikin 'yar'uwarta a jikinta, haka ta saba. Shi ya sa za ka buɗe da safe ka tarar da uku sun cunkushe a kwando ɗaya na yin ƙwai. Da farko ba laifi. Amma idan ya zama ɗabi'a, kashin dare zai cika wurin, ƙwai ya fito da ƙazanta, gashin gindinsu ya dunƙule da kashi, ƙuda su samu wurin zama. Da zafi kuma cunkuson kansa haɗari ne, ta ƙasa na iya shaƙewa.

Maganin ba wuya. Sandar kwana ta fi akwatin ƙwai tsayi, ko da taƙi ɗaya ne, don kaza inda ya fi tudu take nema. Sannan bayan la'asar a toshe akwatin, a kifa kwandon ko a sa kwali a bakinsa, a buɗe da asuba don yawancin ƙwai da safe ake yin sa. Mako ɗaya zuwa biyu ya isa su sauya. Kada a ruɗe da kwanci. Mai kwanci tana zaune dare da rana, tana kumbura tana gurnani idan ka kai hannu, kuma irin waɗannan kajin na gidan gona ba kasafai suke yin sa ba, an riga an tace wannan hali daga jininsu.

Idan suka ƙi shiga bayan sun saba

Wannan shi ne babin da ya fi muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa gurguwar fahimta. Kajin da suka yi wata biyu suna shiga da kansu, rana ɗaya suka tsaya a bakin ƙofa suna leƙe suna ja da baya, ba taurin kai suke yi ba. Akwai abin da ke ciki.

Na farko da za ka zarga shi ne ɗan jan ƙwaron nan mai shan jini, wanda bai kai ƙwayar gero ba. Halinsa irin na kuɗin cizo ne sak: ba ya zama a jikin kaza, da rana yana ɓoye a tsagar katako da mahaɗar sanda da bango, da dare ya fito ya sha jini ya koma. Don haka in ka duba jikin kazar da rana ba za ka ga komai ba. Da zafi yana cika zagayen rayuwarsa cikin kamar mako guda, kuma yana iya yin watanni ba tare da ya ci ba, don haka akurkin da aka daɗe ba a sa kaji ba ma ba amintacce ba ne. A ƙasashe masu zafi irin namu akwai kuma kaskar kaji mai irin wannan hali na fitowar dare. Gwajin mai sauƙi ne. Bayan isha'i ka ɗauki farin ƙyalle ka goga a ƙarƙashin sandar, musamman wajen bakinta. Idan ka ga jan zane-zane, jinin kajinka ne. Da rana kuma za ka iya ganin wani abu kamar toka-toka a bakin tsagogi.

Ka fitar da kajin, ka kwashe shimfiɗar duka ka ƙone, ka cire sandar ka wanke da tafasasshen ruwa da sabulu ka shanya a rana, ka bi tsagogin bango ka liƙe. Ka maimaita bayan kwana 5 zuwa 7, don ƙwan ƙwaron zai ƙyanƙyashe. Wannan ne ya sa nake cewa kada a kafe sanda da ƙusa, a yi mata gurbi yadda za a iya zare ta. Ka ajiye musu kasko ko tsohuwar taya cike da yashi da tokar itace a inuwa, su yi birgima. Maganin feshi kuwa, sai wanda malamin dabbobi ya ce an yarda a yi amfani da shi wajen kajin ƙwai. Kada ka kuskura ka yayyafa fiya-fiya ko maganin feshin gona a akurki. A 2017 an janye miliyoyin ƙwai daga kantunan Turai saboda an yi amfani da maganin fipronil a gidajen kaji a Holan da Beljiyam don kashe wannan ƙwaron dai, maganin ya fito a cikin ƙwai. Abin da ka fesa a makwancin kaza, gobe yana kaskon suyarka.

Idan ba ƙwaro ba ne, duba ɓera da gafiya da maciji. Abincin da aka bari a ciki da dare shi ke kiran ɓera, ɓera kuma ya kira maciji, tunda kajin ba ci za su yi ba a kwashe shi. Da damina a duba kwarkwasa. Sannan ka durƙusa ka sa kanka a ciki ka shaƙa. Idan warin kashi ya sa idonka yaji, su da ke kwana a ciki awa goma sha ɗaya fa?

Idan kuwa kaza ɗaya ce ta daina hawa sanda alhali da tana hawa, ɗauke ta ka duba tafin ƙafarta, ka shafa ƙashin ƙirjinta ka ji ko ya karkace ko ya rame ya yi kaifi. In lafiya lau take, tsaya da magariba ka kalli yadda ake shiga, sau da yawa za ka ga wata ce ta tare ƙofa tana saran duk wadda ta matso. Ƙara sanda ta biyu nesa da ta farko yakan kashe wannan rigima.

Zafi da sanyi

Zafin jikin kaza wajen digiri 41 ne, kuma ba ta gumi, haki take yi da buɗe fikafikai. Saboda haka a ƙasarmu zafi ya fi sanyi kashe ta. Akurkin langa-langa da ya sha ranar Afrilu yana riƙe zafin har tsakar dare. A sa shi a inuwa, a ɗora zana ko ciyawa a kan rufin, a buɗe tagogi a sama, sama da kawunan kajin, a rufe su da ragar waya mai ƙananan ido wadda ɓera ba zai ratsa ba. A irin wannan lokaci ina barin ruwa a ciki, ba don dare ba, don suna farkawa tun kafin in buɗe.

Da hunturu kuma iska ce abin tsoro ga kazar da ba ta da gashi. A rataya buhu a gefen da iskar ke bugowa, gabas da arewa, amma a bar tagar sama a buɗe. Kada a kai musu kaskon gawayi a rufe ƙofa, hayaƙin da ba a gani zai kashe su kamar yadda yake kashe mutane. A Ingila an yi yayin saƙa wa tsigaggun kaji rigunan sanyi, hotunan suna da ban sha'awa, amma ni ban ga amfaninsa ba: rigar tana goge sabon gashin da ke tsirowa, tana hana ta gyara jikinta, farce kuma ya sarƙe. Busasshiyar shimfiɗa da abinci mai kyau sun fi, cikin wata biyu zuwa uku gashin zai rufe ta.

Can kuma tsawon dare yana sauyawa ƙwarai, a Landan yinin tsakiyar hunturu bai cika awa 8 ba, na tsakiyar bazararsu ya haura 16, ga yanyawa tana yawo har cikin gari, shi ya sa da yawansu suke sa ƙofa mai rufe kanta idan duhu ya yi. Mu a Kano ko Zinder yini bai cika sauka ƙasa da awa 11 ko ya haura 13 ba, kiran sallar magariba ya ishe mu agogo. Sai dai a san cewa a gidan gona ana ƙara musu hasken fitila har ya kai awa 14 zuwa 16 don ƙwai ya yawaita. Idan suka dawo kan hasken rana kaɗai, ƙwan zai ragu. Shawarata a bar shi ya ragu. Jikin da aka tatsa shekara guda da rabi yana buƙatar dogon dare fiye da yadda kake buƙatar ƙwai ɗaya na ƙari.

Gyangyaɗin rana ba abin damuwa ba ne idan gajere ne kuma cikin 'yan'uwa. Ranar da kazar keji ta fara gano rana ma za ta ba ka tsoro: za ta faɗi a gefe ɗaya, ta miƙe ƙafa, ta baje fiffike, ta lumshe ido, ka rantse ta mutu. Shan hantsi take yi, karon farko a rayuwarta. Wadda za ka damu da ita ita ce mai tsayawa ita kaɗai a lungu, gashi a tashe, wuya a janye, jela a ƙasa, ido a rufe, ana watsa tsaba ba ta motsa ba. Wannan a ware ta nan take a nemi malamin dabbobi.

Dare shi ne lokacin duba kaji, don ba sa gudu. Sau ɗaya a mako, bayan isha'i, ɗauki tocila ka rufe bakinta da yatsu yadda haske kaɗan zai fita. Fara tsayawa shiru a bakin ƙofa ka saurara, numfashin mai lafiya ba a jin sa, idan ka ji kurɓi-kurɓi ko atishawa ka nemo mai yin sa. Taɓa jakar abincin da ke gindin wuyan kowace, ta ɓangaren dama: da dare ya kamata ka ji ta cike, da asuba kafin su ci ka ji ta fanko. Wadda ta kwana da jaka fanko ba ta samu ci ba, wataƙila ana hana ta. Wadda ta tashi da ita cike kuwa abincin bai wuce ba. Sannan ka ƙirga su, ka ja ƙofa, ka sa sakata, ka girgiza ta ka ji ta kama kafin ka tafi ka kwanta.